Tsohuwar Kwamfuta da Bakin Babanku

Nafisa, ke kika fi kowa maimaita maganar nan, don haka da ke zan fara. Duk sanda aka kawo katin biki gidan nan sai kin juya shi kin duba gaba da baya, ki yi ajiyar zuciya, ki ce da Mama ba ta sa an goge kwamfutar Baba ba, da naki ya fi wannan kyau. 'Yan'uwanki su yi dariya, ni kuma in yi kamar ban ji ba. To, ina ji. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni wuri ɗaya, yatsuna kuma ba su manta aikinsu ba, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ba haƙuri nake ba kowa ba. Ni na sa aka goge ta, da hankalina, kuma da za a mayar da ni wancan makon, abin da zan sake yi ke nan.

Ku manya kun san shagon, jikokina ne ba su san shi ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin layinmu nan unguwar New Bell ta Duwala, tsakanin mai tsire da wata mata mai sayar da sabulu, an rubuta sekretariya a saman ƙofa. Da tafireta babanku ya fara, yana buga wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki da yarjejeniyar haya, wani da Faransanci wani da Hausa. Daga baya ya sayi kwamfuta cikin tsofaffin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Tun ranar da ta shigo hannunsa ba yarinya ba ce. Dogon akwati ne fari da zafin Duwala da laima suka mayar launin kunun gyaɗa, da gilashi mai ƙaton ƙeya, da allon bugu mai taurin maɓalli, wanda in ana aiki a kansa ana ji daga bakin titi. A kanta ya zama mai katin unguwa. Aure, suna, saukar karatu, addu'ar mamaci, duk shi ke zanawa. Naki kuwa, Nafisa, tun kina firamare ya zana shi, kore da ruwan zinariya, ya bar gurbin sunan ango a buɗe. Duk shekara sai ya ƙara masa ɗan ado a gefe, ya kira ki ya nuna miki, ki rufe fuska ki gudu.

Ni ma a wannan shagon na koyi bugu. Bayan na yaye ki na fara zama gefensa, yana zana kati ina buga wasiƙu, har ya kai ga in ya tafi masallaci ni nake riƙe wurin. Saboda haka kada wani ya ce muku tsohuwa ce ta je Akwa, unguwar manyan shaguna, aka ruɗe ta da Faransanci. Na san kwamfutar nan kamar yadda na san tukwanena. Na kuma san abin da ke cinye ta, domin na sha faɗa. Babanku bai iya cewa a'a ba. Kowa a unguwa yana da ɗan kile ɗinsa a aljihu, wannan ɗan ƙarfen da ake zuba abubuwa a ciki, kuma kowa yana so a soka masa a kwafe wa'azi, ko hotunan biki, ko waƙa. A wurinmu wanda ya hana maƙwabci soka kile daidai yake da wanda ya hana garwashin wuta, har jikokinsa za a riƙa kira marowata. Kowane kile da cutar da yake kawowa. In na yi magana sai ya ce, Zulai, mutum ne fa ya zo. Haka kwamfutar ta riƙa nauyi shekara bayan shekara.

A daminar da ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa ne ciwon ya same shi. Da safe ne, ya ɗauki buta zai yi alwalar walha, butar ta faɗi, shi ma ya bi ta. Da muka dawo daga asibiti ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyin da ba a gane komai sai gurnani, kansa kuma yana ɗan kaɗawa ba ya tsayawa. Likita ya gaya mini a fili cewa harshen ne ya tafi, hankalin yana nan daram. Na ba shi biro a hannun hagu, ya yi ta jan layi kamar sawun kaza, ya jefar. Wata rana na sa aka ɗauko kwamfutar daga shago aka kawo ɗakina, na kunna, na jira ta gama nishinta, na buɗe masa farin shafi, na ɗora hannunsa na hagu a kan allon. Yatsun nan sun yi shekaru suna bin maɓallan nan ba tare da ido ba. Suka lalluba, suka sami wurinsu. Abin da ya fara rubuta mini bayan makonnin shiru shi ne: miyar jiya ba gishiri. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka.

Daga ranar kwamfutar ta zama bakinsa. Amma baki ne da sai an yi masa hidima. Da asuba nake kunna ta in tafi in hura wuta, in dama koko, in dawo in tarar ba ta gama farkawa ba. Sai in sa mata kalmar sirri, in rufe tagogin da ke ta ɓullowa suna neman a sayi wannan a gyara wancan, in ja ɓera, wato linzamin kwamfuta, in nemo shafin rubutu. In an ɗauke wuta, kuma kun san Duwala, sai a koma farko. Sau da yawa kafin ta shirya abin da yake son faɗa ya wuce, ya juya fuska bango. Babangida, ɗan farina da ba na faɗin sunansa, lokacin yana aiki a wata masana'anta a Bonaberi, ya sayo masa sabuwa 'yar siririya mai naɗewa. Allah ya yi masa albarka, amma maɓallanta a shafe suke, hannu mai rawa in ya taɓa ɗaya sai uku su fito. Babanku ya gwada, ya ga shirmen da ke fitowa da sunansa, ya ture ta da gwiwar hannu. Bai sake yarda ya taɓa wata na'ura ba sai tasa.

Ana haka Baba Alhaji ya iso daga Ngaundare. Ku da ba ku girma da shi ba, shi ne yayan babanku uwa ɗaya uba ɗaya, a nan New Bell aka haife su, cinikin shanu ya mayar da shi arewa. Ina so ku riƙe wannan: ba mugunta ta kawo shi ba. Ya shiga ya ga ƙaninsa yana dalalar da yawu, ya yi masa magana, kai yana kaɗawa, bai san ko i ba ne ko a'a. Ya fito tsakar gida idonsa jawur.

"Zulai, zan tafi da Ɗanlami. Can akwai masu magani, akwai iska, ba wannan laimar ba. A sayar da shagon. Ke ki zauna da yara su gama makaranta, in Allah ya sa ya samu sauƙi sai ki biyo."

"Yaya, ba ya son tafiya. Ya gaya mini."

"Ya gaya miki? Da wane bakin?"

"Yana rubutawa a kwamfuta. Hankalinsa ƙalau."

"Ke ma ai kin iya buga abin nan. Ba na ce ƙarya kike ba, amma mace in tana son mijinta kusa da ita, tana iya jin abin da bai faɗa ba."

Na san babanku. A layin nan aka yanke masa cibiya, a maƙabartar nan iyayensa suke, kuma wanda ba ya iya cewa a ba shi ruwa, in aka raba shi da mai gane numfashinsa, ba zai daɗe ba. Amma a al'adarmu maganar mata ba ta rinjayar ta yayan miji, kuma irin wannan shawara a zaure ake yanke ta, inda mace ba ta zama. Ba wanda zai iya tsayar da tafiyar nan sai shi mai jikin, da maganarsa, a gaban maza.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya zo da Liman da dattawan layi. Aka fito da babanku a kujera, Babangida ya cire kwamfutar daga ɗakina ya kai zaure ya haɗa. Ni ina bayan bango da faifan shinkafa a cinya, ina tsinta ina saurare. Na ji an kunna. Na ji fankar cikinta ta ɗauki kuka. Aka dafa shayi aka sha na farko, ba ta buɗe ba. Da ta buɗe ta nemi kalmar sirri, Babangida ya leƙo ya tambaye ni. Tagogi suka fara ɓullowa, ya rufe wannan wancan ya fito, ɓera ya daskare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Sai na ji duka a kan tebur, da wani gurnani da ban taɓa ji daga bakin babanku ba. Abin da mazan nan suka gani shi ne tsoho yana kuka yana dukan akwati.

"Kun dai gani da idonku," in ji Alhaji.

Liman, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali. Ya ce ba a yanke wa mutum hukunci a ranar da aka ɗauke wuta, a bari sai Juma'a mai zuwa. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi.

"A kawo ta a kashe. Shi zai kunna da hannunsa a gabana, kada kowa ya taɓa, ko ɗansa. In ya yi magana na ji, shi ke nan. In bai yi ba, ranar Asabar muna cikin jirgin ƙasa."

Sharaɗin nan shi ya nuna mini abin da zan nema. Ba gyara kawai ba. Ina neman kwamfutar da mutum mai hannu ɗaya zai danna sau ɗaya ta kai shi kan farin shafi, ba kalmar sirri, ba ɓera, ba mace a gefe.

Da safiyar Litinin na durƙusa gaban babanku na gaya masa zan kai ta Akwa, kuma mai yiwuwa ta dawo ba yadda ya san ta ba. Ya ɗora hannun hagu a kan akwatin ya riƙe gam. Muka daɗe a haka. Can ya sassauta, ya ɗan bubbuga samanta, ya janye hannu. Na naɗe ta da zane, na tare bensikin, wato babur ɗin haya, na rungume ta a cinya har Akwa, ruwa na tsattsafi.

Usumanu na nufa, wani Bafulatanin Garwa mai gyaran kwamfuta a bayan layin masu sayar da waya, wanda ya daɗe yana sayar mana da tawada. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace ma kai yake ce mata, kuma na daina gyara masa tun tuni. Ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya duba ciki, na ba shi labarin tun daga farko.

"Hajiya, ordinate ɗin nan bai mutu ba," in ji shi. "Sistem ɗin da ke ciki ne ya ruɓe, kuma ya yi masa nauyi. Ƙwaƙwalwarsa kaɗan ne, injinsa tsohon yayi. Ko sabon sistem na zamani ba zai yarda ya hau ba. Amma akwai wasu marasa nauyi, 'yan gidan Linux, kyauta ne, an yi su don irin waɗannan tsofaffi. Kai zauna, on va voir, za mu gani."

Ordinate kwamfuta yake nufi. Sistem kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne babban tsarin da ke tashin kwamfuta ya tafiyar da komai a cikinta. Tsohuwar tamu ba ta san tashi daga kile ba, sai daga faifan CD, don haka ya jawo kwali ya zaɓo faifai uku. Ya ce ana iya gwada kowanne daga kan faifan ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Na ce to ni zan gwada, kuma da hagu. Na ɗaure hannuna na dama a cikin mayafi, na zauna.

Na farko kyakkyawa ne, shuɗi, da 'yan hotuna a jere, ya yi kama da wanda babanku ya saba. Usumanu shi ya fi so, ya ce tsoho ba zai yi baƙunta ba. Amma tun kafin ya gama buɗewa fanka ta fara wannan kukan da na ji daga bayan bango. Na buga layi ɗaya, haruffan suna biyo yatsana a baya kamar yaron da aka aika ba ya so. Usumanu ya ce daga faifai ne, in an zuba shi ciki zai fi haka sauri. Na tambaye shi ko zai bar wa ƙwaƙwalwar wurin numfashi. Ya duba wasu lambobi, ya taɓe baki, ya ce ya kusa cinye ta tun ba a buɗe komai ba. Na ce a cire. Ba ado na zo saye ba.

Na biyu ƙanƙane ne ƙwarai, duk jikinsa yana shigewa cikin ƙwaƙwalwar ya zauna, kuma da ya tashi sai gudu, ban taɓa ganin tsohuwar nan da irin wannan kuzari ba. Raina ya biya. Sai dai yana da surutu: wajen tashi ya yi tambaya, wajen kashewa ya tambaya ko a adana. Na ce wa Usumanu ya zare wayar wuta daga bango.

"In zare? Haka kawai?"

"Zare. A New Bell ba sallama ake yi mana kafin a ɗauke ba."

Ya zare, ya mayar, muka kunna. Abin da na rubuta ya tafi, tambayoyin kuma suka dawo. Ya ce ana iya koya masa ya daina, amma sai an yi dabaru, kuma ba zai rantse ba. Na ce ba na kai mijina zaure da abin da ba a rantsewa a kansa.

Na uku ba shi da kyan gani ko kaɗan. Toka-toka ne, fili fetal, ba hoto ba kiɗan buɗewa. Amma fanka ta yi shiru, haruffa suna fitowa tare da yatsa. Usumanu ya ce wannan ana zuba shi a faifan ciki, wato ma'ajiyar kwamfutar, ya zauna, ana iya hana shi neman kalmar sirri, a sa shi ya buɗe shafin rubutu da kansa ya cika gilashin, da manyan haruffa, yana adana abin da aka buga a kai a kai. Na ce ya tabbata jeren maɓallan na Faransanci ne, don shi yatsun babanku suka haddace. Ya ce an gama. Ya ƙara da cewa cututtukan da ke yawo a kilen unguwa yawancinsu ba sa kama irin wannan. Na ce ko don wannan ma ya ci kuɗinsa.

Daga nan ne ya hau sosa gemu, na san akwai saura. Faifan ciki ƙarami ne, ba zai ɗauki tsoho da sabo tare ba. Ya zazzage kwalinsa yana neman wani faifan irin na da, mai faɗin waya, ya gwada waɗanda ya samu, duk laima ta kashe su. Wasiƙu da takardu ya kwashe mini su lafiya. Katunan ne suka ƙi. Cutar ta shiga manhajar da ake zana su, ta ƙulle wurin da suke, ba su buɗuwa balle a buga su a takarda.

"In kai bar mini shi makonni, zan bi a hankali, wataƙila in ceto wasu. Wataƙila. Amma in Juma'a kake so, sai an share duka. Kuma manhajar kati ba ta aiki a sabon sistem. C'est fini, ba kati kuma."

Nafisa, na san abin da ke ciki. Na ga koren katin nan a idona, da gurbin da aka bari. Na kuma san abin da sharewar take nufi ga babanku: cewa ba zai koma shago ba har abada, kuma matarsa ce ta fara faɗa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na auna. In na bar ta don kati, ranar Asabar za a ɗora mai katin a jirgi. Ban yi dogon tunani ba.

"Share," na ce.

Ranar Laraba na dawo da ita. Babanku ya danna maɓalli, ya gyara zama irin na mai shirin dogon jira, sai ga farin shafi a gabansa kafin ya gama gyara hularsa. Ya dubi gilashin, ya dube ni. Ya nemi hoton Ka'aba da ke fuskar tsohon sistem, babu. Ya rubuta kalma ɗaya: katunan? Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba, na ce ni na ba da izini. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Ranar bai ƙara rubuta komai ba, washegari ma haka. Na kai abinci ya ci, na gaishe shi ya kau da kai. Na shiga Juma'ar nan ban sani ba ko zai taɓa allon, ko kuwa fushin da yake yi da ni zai sa ya bi yayansa. Duk da haka ban yi nadama ba. Na ce a raina, ko tafiyar zai zaɓa, aƙalla shi zai faɗa.

Bayan an sauko daga masallaci aka taru kamar wancan karon. Babangida ya ajiye kwamfutar a kashe, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu, aikinsa karantawa kawai. Ni ina bayan bango da faifaina, ban tsinci ko tsakuwa ɗaya ba. Na ji ƙarar maɓallin kunnawa. Alhaji ya fara ce wa wani a ɗora ruwan shayi, bai rufe baki ba na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na san wannan bugun. Hagu ne, a hankali, amma nasa ne.

"Assalamu alaikum," Babangida ya karanta. "Na gode da zuwa. Ina jin duk abin da kuke faɗa. Ba zan je Ngaundare ba. A nan zan zauna, a nan za a binne ni kusa da Inna."

Wani ya yi kabbara a hankali. Sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"An kai abin nan Akwa an dawo da shi. Wa ya sani ko ɗura masa magana aka yi kamar kaset, ya danna ta fito?"

Ban ji haushinsa ba, tambaya ce ta mai hankali. Bugun ya sake tashi, wannan karon ya daɗe. Babangida ya fara karantawa, ya tsaya, ya ce shi ba zai iya ba, sai Liman ya ce karanta mana, ɗana.

"Yaya, naman layyar da Inna ta ɓoye a tukunya ƙarƙashin gado, aka ce kyanwa ce, daga baya aka ce ni ne, aka zane ni. Har yau ban gaya wa kowa wanda ya ci ba. In faɗa?"

Dariyar da ta tashi a zauren nan har masu tsire sun ji. A cikinta na tsinkayi wani sauti dabam, na ɗaga labule kaɗan na leƙa, abin da ban taɓa yi ba. Alhaji ne durƙushe gaban kujerar ƙaninsa, babbar riga a ƙasa, ya kifa fuska a gwiwarsa yana cewa, Ɗanlami, ashe kana ciki, ashe kana ciki. Babanku ya ɗora hannun hagu a kan hular yayansa. Ranar Asabar Alhaji ya hau jirgi shi kaɗai, kuma kafin ya tafi ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, Zulai, Allah ya biya ki.

Fushin katunan bai wuce nan da nan ba. Ya yi kwanaki yana rubuta wa kowa ban da ni. Maƙwabta suka dawo da kilensu, ana soka musu a kwafe wa'azi kamar da, ba abin da ya sami kwamfutar, shi kuma yana zaune yana tsokanarsu a gilashi. Ni dai ina kai abinci ina kwashe kwano. Ranar da ya huce bai ce na yi daidai ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa ba. Rubutawa ya yi: yau gishirin ya yi yawa. Na ce to, mun shirya ke nan.

Ya ƙara shekaru masu albarka a gidan nan, a ɗakin nan, yana danna maɓalli ɗaya yana faɗin abin da ke ransa. Ya raba faɗa, ya raɗa wa jikoki suna, ya yi mini gorin tuwo. Da lokacin aurenki ya zo, Nafisa, gaskiya ne a Akwa aka buga katinki, wurin wani da bai san ki ba, kuma koren nasa bai kai na babanki ba. Na gani, ke ma kin gani. Amma ke kina cikin ɗaki da ƙawayenki da lalle a ƙafa ranar da dangin mijinki suka zo, ba ki ji abin da na ji daga bayan bango ba. Liman ya tambaya wa zai ba da yarinya. Sai na ji maɓalli, sai ƙas, ƙas, ƙas. Babangida ya karanta: Na tambaye ta, ta ce tana son sa. Ni ma na yarda da shi. Yaya, na wakilta ka, ka ba shi ita.

Katin nan da kike kewa yana da gurbi ɗaya da babanki ya bari a buɗe tun kina firamare. Da bakinsa ya cike shi, yana zaune a zauren gidansa.